Jinin Da Ya Kwana a Ɗakin Hoto

A shekarar 1969 ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Kumasi, kuma ba na jin akwai mai ji da kansa kamata a duk unguwar Zongo. Ni kaɗai ne a layinmu nake sa farar riga in tafi aiki. Sauran maza, wanda ba ya harkar goro yana kan lori a tashar Kejetia. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce wa maƙwabta ɗanta dokita ne, ni kuwa ban taɓa gyara mata ba.

A shekarar ce wata likita ta dawo daga karatu a Turai. 'Yar Asante ce, gajeriya, mai saurin magana da saurin fushi, ta zo mana da wani sabon gwaji. Ta ce hasken na'urar hoton ƙashi, wanda ido ba ya gani, yana karya wasu 'yan zaruruwa da ke cikin fararen ƙwayoyin jini. Zaruruwan nan su ke ɗauke da gadon halittar mutum, abin da jikokina yanzu ke kira DNA suna kallona kamar ban taɓa ji ba. In an san hanya, ana iya ganinsu a madubin likita, a ƙirga masu lafiya da karyayyu, a gane ko hasken ya yi wa mutum ɓarna.

Ni ta zaɓa ta koya wa, wai hannuna ba ya rawa. Za a ɗebi jini, a bar shi ya kwanta, a kwashe fararen ƙwayoyin a zuba cikin wani ruwa ja-ja a kwalba, a ɗiga musu wani magani da aka tatso daga wake. Ranar da ta faɗa mini daga wake aka yi shi sai da na yi dariya, na ce ashe abin da muke ci da shinkafa kullum shi aka je Turai aka karanto. Ba ta yi dariya ba. Kwalbar za ta yi kwana uku cikin akwatin ɗumi, sannan a tsayar da ƙwayoyin daidai lokacin da suke rabuwa, a kumbura su, a ɗiga a kan gilashi, a rina su da shuɗi. Sai ka zauna ka sunkuya a kan madubi kana duba ƙwaya ɗaya bayan ɗaya har ɗari. Zare mai lafiya ƙugu ɗaya gare shi. Wanda haske ya karya ya sake haɗewa ba daidai ba, sai ka gan shi da ƙugu biyu, ko ya naɗe kamar zobe, da ɗan gutsure a gefensa. Na ƙaunaci aikin nan fiye da yadda zan iya faɗa, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Da ma'aikatan ɗakin hoto likita ta ce za a fara, tunda su ke wuni kusa da na'urar. Niyyarta mai kyau ce. Duk wanda aka samu jininsa ya ɓaci, a janye shi daga ɗakin kafin ciwo ya kama shi.

Cikin ma'aikatan akwai wani dattijo maƙwabcinmu, gida uku tsakaninmu, wanda nake kira Baba. Asalinsa mutumin Nijar ne, amma tun yana ɗan shekara shida ubansa ya kawo shi Kumasi bayan shanu, bai sake komawa ba. Twi ɗinsa, yaren Asante, ya fi nawa daɗi. Shekara goma sha takwas yana wanke hotuna a ɗakin duhu, kuma duk yaron da ya ƙi tsayawa a gaban na'ura, Baba ake kira ya riƙe shi. Shi ya kama hannuna ya kai ni asibitin lokacin da na gama makaranta, ya yi ta zirga-zirga har aka ɗauke ni. Ban da shi akwai Musulmi guda a ɗakin, wani magidanci Badagombe daga arewacin ƙasar, mai shara, wanda bai fi wata huɗu da fara aiki ba.

Ranar da aka sa za a ɗebi jinin ta faɗo cikin kwanakin farko na azumi. Na ɗebi na sauran da safe, na zo kan Baba, ya naɗe hannayensa a ƙirji.

"Ba mai zuƙe mini jini ina azumi," ya ce.

"Baba, ɗan kaɗan ne. Malamai sun ce ba ya karya azumi."

"To malaman su ba ka nasu. Ka bari a sha ruwa, ka zo ka kwashe har na ƙafa in kana so."

Mai sharar da ya ji haka shi ma ya noƙe. Na san dokar likita: a ɗiba da safe, a sa a kwalba kafin azahar. Amma ta yaya zan tsaya ina musu da mutumin da ya kai ni aiki, a gaban Kiristoci, kan maganar azumi? Na ce ba komai, zan dawo da yamma. Likita kuwa ban gaya mata ba, na san abin da za ta ce.

Da magariba muka sha ruwa tare a barandar ɗakin hoto, koko da ƙosai, muka yi salla, na ɗebi jininsu su biyu. Sai a lokacin na tuna an kulle ɗakin gwaji tun ƙarfe biyar, makulli yana jakar likita. Jini ba ya son zafi, kuma ba a sa shi a ƙanƙara. Ɗakin hoto kaɗai ke da na'urar sanyaya ɗaki a duk asibitin, saboda injin, ba saboda mu ba. Na ɗauki kwalaben biyu na ajiye su a tsakiyar teburin da ake kwantar da marasa lafiya, inda ba wanda zai ture su, ɓera ma ba zai kai ba. Har yaba wa kaina na yi da wannan dabara. Washegari ƙarfe takwas na ɗauke su, na yi musu aiki, na rubuta a littafi kamar tare aka ɗebe su da na kowa.

Bayan mako guda likita ta kira ni ta ce in leƙa madubi. Gilashin Baba ne. Ban taɓa ganin ɓarna irin wannan ba. Masu ƙugu biyu, zobba, gutsattsari, duk inda na juya. Na sauran ma'aikata fes suke, sai na mai shara da ya yi kama da na Baba. Likita ta rubuta rahoto cewa a janye su biyun daga ɗakin hoto nan take.

A makon ne kuma gwamnati ta yi shela a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama, an ba shi mako biyu ya samo ko ya bar ƙasa. Wanda bai ga Zongo a kwanakin nan ba, ba zai gane ba. Mutanen da aka haifi kakanninsu a nan suna tona akwatuna suna neman wata takarda da ba su taɓa sanin ana bukata ba. Ni kaina sai da mahaifiyata ta zazzage adakarta kafin ta samo takardar haihuwata. Ga ma'aikaci irin Baba hanya ɗaya ce: wurin aikinsa ya ba shi wasiƙa cewa yana aiki kuma ana bukatarsa, ya kai ofis a buga masa izini. Mai shara ɗan ƙasa ne, sai aka mayar da shi sharar wani sashe. Baba kuwa, ofishin asibiti suka ce ba su da wani gurbi da za su sa shi, ga rahoton likita ya ce bai dace da ɗakin hoto ba, saboda haka sun sallame shi. Ba aiki, ba wasiƙa. Ba wasiƙa kuwa, sai barin Kumasi, shi da matarsa da 'ya'yansa.

Da na je yi masa jaje, shi ya riƙa ba ni haƙuri. "Kai aikinka ka yi," ya ce. "Na'urar nan shekara goma sha takwas ina rungume da yara a gabanta. In ba ta ci ni ba wa za ta ci?"

Maganarsa ta shiga hankali, likita ma haka ta ce. Amma mai shara ya tsaya mini a rai. Mutumin da ke shiga da tsintsiya bayan an kashe inji, wata huɗu kacal, ta yaya jininsa zai lalace daidai da na wanda ya shekara goma sha takwas? Shugaban ɗakin kuma, wanda shi ke danna na'urar da hannunsa, nasa lafiya lau? Na tambayi likita, ta ce jikin wani ya fi na wani rauni, in koma bakin aikina. Na koma, amma ni mutum ne mai naci, in abu bai zauna mini ba ko abinci ba ya yi mini daɗi. Asabar da Lahadi na yi ina juya maganar. Me ya haɗa mutanen nan biyu? Azumi. To azumi ba ya karya zare. Sai kuma jininsu da ya kwana. Kwana ma ba laifi ba ne, don likita da bakinta ta taɓa ce mini a Turai har ta gidan waya ake aika jini ya yi kwana biyu a hanya. Saura wurin da ya kwana.

Ranar Litinin na yi sammako, ƙarfe bakwai ina ƙofar ɗakin hoto. Tun daga baranda na ji na'urar tana gurnani tana yin ƙas, ta huta, ta sake. Na leƙa, ba kowa a kan tebur. Shugaban ɗakin, wani Ba'asante mai fara'a wanda ya iya Hausar Zongo, yana bayan garkuwar da ke kare shi daga hasken yana dannawa.

"Maigida, hoton wa kake ɗauka?"

"Hoton iska, aboki. Injin nan ya tsufa sosai paa. In ban dumama shi da safe ba, zai lalace. Kullum sai na buga shi da ƙarfi, na buga, na buga, kafin mutane ya zo."

"A kan teburin nan?"

"Ina kuma? Nan kanshi yake kallo."

Na tambaye shi ko ya tuna wata safiya ya tarar da kwalabe biyu a tsakiyar tebur.

"Na gan shi. Na ce wannan kayan mutanen jini ne. Ni ba na taɓa kayanku ko kaɗan koraa, madam ɗinku yana da faɗa."

Wato ba a jikin Baba hasken ya karya zaruruwan ba. A cikin kwalba ya karya su, a inda na ajiye su da hannuna, a daidai ƙarƙashin bakin na'ura.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. In wuce gidan Baba kai tsaye in ce masa ya dakata, kada ya motsa ko tsinke. Ban yi ba. Na ce wa kaina zato ne kawai, kuma mai aikin gwaji ba ya magana sai da hujja. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce ta hana ni ba. Tsoro ne ya hana ni, da kunya. Na hango likita tana korata, na hango Zongo tana cewa ɗan da Baba ya kai aiki shi ya kashe masa aiki. Na lissafa kwanaki, na ga saura takwas wa'adi ya cika, na ce akwai lokaci.

Da yammacin ranar na ɗaure damtsena da roba, na ja da haƙori, na ɗebi jinina da kaina, ina azumi. Na raba shi kwalba biyu. Ɗaya na kulle a kabad ɗin ɗakin gwaji, ɗaya na kai ɗakin hoto na ajiye a tsakiyar tebur, na roƙi shugaban ɗakin ya dumama injinsa gobe kamar kullum, kada ya rage kada ya ƙara. Jini ɗaya, mutum ɗaya, kwana ɗaya, wurin kwana ne kawai ya bambanta. Talata da safe na sa su a akwatin ɗumi da ɗan maganin waken da na ɗiba ba da izini ba.

A hanyata ta komawa gida ranar na wuce ƙofar su Baba. Matarsa, wadda muke kira Mma, ta fito da tukwane da turmi tana sayarwa, goyonta a baya. Ta ce in gaya wa mahaifiyata ta aiko a ɗauki turmin, ita ba za ta karɓi komai a hannunta ba. Na tsaya, maganar tana bakina. Na ce to, Mma, zan faɗa mata. Na wuce.

Laraba da na taso aiki na tarar da ƙofarsu a buɗe, tsakar gida shiru. Baba yana zaune a kan buzu shi kaɗai, da kofin ruwa a gabansa yana jiran kiran salla. Ɗakin ba komai sai tabarma da buta.

"Baba, ina su Mma?"

"Sun tafi da hantsi. Ƙaninta ya samu lori mai zuwa arewa, aka ce in an bari sai ranar ƙarshe ba za a samu wuri ba. Ita da yaran huɗu, har da na goyen. Ni zan tsaya in sallami mai gida, in bi su."

Na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, tun daga makullin da ke jakar likita har zuwa jinina da ke cikin akwatin ɗumi. Bai katse ni ba. Aka kira salla, bai taɓa ruwan ba.

"Yaushe ka sani?" ya ce.

"Litinin."

"Litinin," ya maimaita. Sannan ya yi bismilla ya sha, ya miƙo mini sauran. Na so ya zage ni, na so ya ɗaga murya maƙwabta su ji. Sai kawai ya ce, "Gobe ƙarfe nawa madam take zuwa?"

Alhamis ƙarfe takwas yana ƙofar ɗakin gwaji da rigarsa ta zuwa masallaci. Na shiga na sami likita na faɗa mata abin da na faɗa wa Baba. Abin da ta ce mini da Turanci da Twi ba zan rubuta shi ba, kuma duk na cancanta. Ta ce na yi ƙarya a littafin aiki, na sa ta sa hannu a kan ƙarya, na saci maganinta. Da ta gaji ta zauna, sai ta ce, "Ko da haka, zato ne. Hasken dumama inji ba lallai ya yi wannan ɓarna ba."

"Gobe jinina zai nuna, dokita. Amma ba za mu iya jiran gobe kafin mu ɗebi na Baba ba. Kwana uku ne a akwati. In ba a sa yau ba, wa'adi zai cika kafin mu gama ƙirga."

Ta dube ni kamar za ta jefe ni da wani abu, sannan ta ce in shigo da shi. Baba ya zauna, ya naɗe hannun rigarsa da kansa, rana tsaka, yana azumi. Na ce, "Baba, azumin fa?" Ya ce, "Ɗebi, ɗana. Ni da Allah mu ƙarata." Likita ce ta soka allurar, ta ce ba ta yarda da hannuna ba yau. Jinin bai yi minti goma a waje ba ya shiga kwalba, ita ta kulle akwatin.

Juma'a na fitar da kwalabena biyu na shirya gilasai. A nan na yi wani abin da ba mu taɓa yi ba. Na ce wa likita kada ta san wane gilashi ne na wace kwalba, domin ta riga ta ji haushina, ni kuma na riga na san abin da nake so in gani, idonmu duka ba abin yarda ba ne. Muka kira wata nas daga waje ta rufe rubutun da filasta, ta sa lambobi, ta rubuta sirrin a takarda ta sa a aljihunta. Asabar muka wuni a sunkuye, ita da madubinta ni da nawa, ba mai yi wa wani magana. Ƙishirwa ta dame ni, idona yana yaji, amma ban tashi ba sai salla. Da la'asar muka haɗa ƙirge. Rabin gilasan tsaf suke. Ɗaya rabin kuwa kamar gilashin Baba na farko, har zobban. Aka kira nas ta buɗe takardarta. Duk karyayyun daga kwalbar da ta kwana a ɗakin hoto suke.

Likita ta cire tabaranta ta ajiye. "Da an kawo mini waɗannan da sunaye biyu," ta ce, "da na rantse mutum biyu ne, ɗaya lafiyayye ɗaya yana bakin kabari." Sannan ta ƙara da cewa, "Jinin mai sharar nan ya kamata ya tsayar da ni. Ka tambaye ni, na kore ka." Ban taɓa jin ta amsa laifi ba sai ranar.

Lahadi ba ranar aiki ba ce, amma ta zo daga coci da kayan adonta ta buɗe mini ɗaki. Wuta ta ɗauke da hantsi, saura 'yan awoyi kwalbar Baba ta cika lokacinta. Na cire ta daga akwati na ɗaure a cikina da rawani, ƙarƙashin riga, na zauna ban motsa ba har wutar ta dawo, don ɗumin jikin mutum shi ne ɗumin da take so. Likita ta dube ni ta girgiza kai, ta ce in na fasa kwalbar sai ta kashe ni. Ban fasa ba. Muka cakuɗa gilasan Baba da nawa masu lafiya da na shugaban ɗakin hoto, aka sake rufe su da filasta.

Litinin da azahar muka gama. Jinin Baba bai fita fes kamar nawa ba, akwai ɗan abin da shekaru goma sha takwas suka bari, nan da can. Amma ko kusa bai kai abin da aka kore shi a kansa ba. Likita ta ce wannan maganinsa rigar dalma mai tare haske da daina riƙe yara, ba sallama ba. Ta zauna ta rubuta da hannunta cewa rahotonta na farko kuskure ne, ta bayyana yadda aka yi, ta sa hannu, ta turo mini na sa nawa a ƙasa. Na san takardar za ta shiga fayil ɗina ta zauna har in bar aiki, kuma ta zauna ɗin.

A ofishin asibiti suka ce an riga an rufe maganar. Likita ta ja kujera ta zauna a gaban teburin babban akawu, ta ce ita ma ta rufe ɗakin gwaji ke nan, ba za ta tashi ba sai da wasiƙa. Ni ina tsaye a bayanta, na ƙudurta ko za a kwana nan sai dai a kwana. Ana gab da tashi aka buga wasiƙar. Talata, ranar da wa'adi ya cika, ni da Baba muka yi layi tun asuba a ofishin izini, aka karɓi takardunsa aka ba shi shaidar cewa yana jira. Ranar Laraba ya koma ɗakin duhunsa.

Daga ranar, a ɗakin gwajinmu ba a sake karɓar jinin da ba a rubuta sa'ar da aka ɗebe shi da inda ya zauna ba, ba a kuma sake ƙirga gilashin da mai ƙirga ya san na wane ne ba. Ni na tsaya a kan haka har na yi ritaya, yaran da na koya wa aiki suna ce mini mai tsanani. Ban taɓa gaya musu dalili ba.

Saura dawo da iyali. Na rubuta wa Baba wasiƙu, muka ba direbobin goro masu zuwa arewa, kowanne da kwatancen Mma da ƙaninta. Ƙaramar Salla ta zo ta wuce, Baba ya ci tuwon salla a gidanmu. Sabuwar shekara ta shiga, shiru. Kullum in ya taso aiki sai ya bi ta Kejetia ya tsaya wajen lorin arewa, ni kuma ina binsa, don ban ga yadda zan yi in wuce gida ba. Daga baya wani direba ya kawo labari cewa ya gan su. Ba su ma tsallaka ba, sun maƙale a bakin iyaka tare da ɗimbin jama'a, a fili, makonni, saboda can ɗin ma an ce sai da takarda. Baba ya aika da kwafin izininsa ta hannun direban.

Bayan Babbar Salla da 'yan kwanaki suka iso, da la'asar. Muna tsaye aka buɗe bayan lori. Babbar 'yar ta fara sauka, sai maza biyun, duk sun rame sun yi baƙi. Sannan Mma ta sauko a hankali, tana riƙe da ƙarfen lorin. Bayanta ba goyo. Zanen goyon yana ninke a hannunta.

Baba ya dube ta, ta ce, "Gudawa ce. Kwana biyu ya yi. A can muka binne shi." Ya yi salati a hankali, ya ɗora hannu a kan 'yarsa.

Gwajin ya fito daidai, wasiƙa ta fito, Baba ya zauna a Kumasi har ƙarshen ransa, kuma ko sau ɗaya bai tayar mini da maganar ba. Amma ni na sani, shi ma ya sani, da na buɗe baki ranar Litinin da lorin Laraba ya tafi ba su. Kuskuren kwalba na yafe wa kaina tuntuni, kowane mai aiki yana yi. Kwana biyun da na yi shiru ne har yau ban yafe ba.

Yaron mota ya miƙo ƙullin kayansu daga sama. Baba ya juyo ya ce, "Ɗana, karɓi kayan nan, Mma ta gaji." Na karɓa na aza a ka, da farar rigata, na bi bayansu har gida.